Daga La'asar Zuwa Isha: Sa'o'in Da Ƙwaya Ke Ɗauke 'Ya'yanmu

Da wuya ka sami unguwa a Kano da ba ta da kangonta. Wani ne ya fara gini, ya kai linta, kuɗi suka yanke, aka bar bulo tsaye babu rufi. Da hantsi awaki ne a ciki. Da an sallame sallar la'asar sai masu wurin su fara sulalowa ɗaya bayan ɗaya. Wannan riƙe da robar lemo wadda launin abin da ke cikinta ba na lemo ba ne, wancan da ƙullin leda a aljihu, wani kuma da tsumman da aka jiƙa da sholisho.

Babba a cikinsu bai wuce shekara 22 ba. Amma wanda ya kamata a zuba wa ido shi ne ƙaramin da ke raɓe a bakin ƙofa, ɗan shekara 13 ko 14, jakar Islamiyya rataye a kafaɗa. Bai fara shan komai ba tukuna. Ɗan aike ne: ya sayo sigari, ya sayo ruwan leda, ya leƙa ko 'yan sintiri na tafe. Ladansa 'yan canji ne, sai kuma wani abu da ya fi kuɗin daraja a wurinsa. A nan an san sunansa, ana dariya idan ya yi barkwanci, ana ce masa "ƙanina". Mahaifiyarsa tana gida tana tuƙin tuwo, hankalinta kwance, ai yaro yana makaranta.

Haka abin yake a Kaduna, da Gusau, da Sakkwato, da Maraɗi, da Damagaram. Sunan kayan ne kawai ke sauyawa daga gari zuwa gari, da shekara zuwa shekara.

Abin da aka ƙirga

Babban binciken da ake dogaro da shi a Najeriya shi ne wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, aka fitar a farkon 2019. Ya nuna mutum sama da miliyan 14, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi mu'amala da kayan maye a cikin shekara guda, ba a sa giya da sigari a lissafin ba. Wato kusan mutum ɗaya cikin bakwai ke nan, fiye da ninki biyu na matsakaicin abin da ake samu a duniya.

Tabar wiwi ce kan gaba, da mutum sama da miliyan 10. Sai ƙwayoyin kashe raɗaɗi irin su tiramol, fiye da miliyan 4, sannan maganin tari mai kodin, fiye da miliyan 2. Kudu maso Yamma ce ta fi kowane yanki yawan masu sha, abin da ke ba mutane da yawa mamaki. Arewa maso Yamma tana da kimanin miliyan 3, kuma kimanin miliyan ɗaya daga ciki a jihar Kano suke.

Akwai abu biyu da ake yawan tsallakewa a rahoton. Na farko, cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye ɗaya mace ce, kuma a fannin maganin tari mata sun yi kunnen doki da maza. Na biyu, ƙirgan daga shekara 15 ya fara. Yaron nan na bakin ƙofa ba ya cikin lissafin kowa.

An toshe nan, ta ɓulle can

A ƙarshen 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shanye kwalbar kodin kimanin miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa, har majalisar ta zo Kano ta yi zaman jin ra'ayin jama'a. Amma abin da ya motsa gwamnati shi ne fim ɗin binciken da sashen Africa Eye na BBC ya fitar a ƙarshen Afrilun 2018, wanda ya nuna yadda katan-katan na maganin ke fita daga hannun ma'aikatan kamfanoni zuwa hannun dillalai. Washegari gwamnatin tarayya ta hana shigo da kodin da haɗa maganin tari da shi.

Kwalba ta yi tsada, ta yi wuyar samu. Masu sha kuwa ba su daina ba, sai suka koma kan abin da aljihunsu zai ɗauka: tiramol, roci, diyazefam, egzol, madarar sukudai, akuskura, zaƙami, har da abubuwan da mutum ba zai so ya ambata ba. Tiramol ɗin da likita ke rubutawa mai ƙarfin 50 ne ko 100. Wanda ake sayarwa a tasha da bakin kasuwa mai 200 ne, ko 225, ko 250, kuma yaro kan haɗiye biyu ko uku a lokaci guda. Daga nan ne ake ganin matashi lafiyayye ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya.

Da aka matsa wa tiramol, sai ga wata sabuwa. A farkon 2025 wani binciken na BBC ya bi sawun ƙwayoyin da ake haɗawa a Indiya daga tapentadol da carisoprodol, haɗin da babu ƙasar da ta amince da shi a matsayin magani, ana jibge su a Ghana da Najeriya da Kwaddibuwa. Indiya ta hana haɗin bayan fallasar.

Ba a ce hukumomi sun naɗe hannu ba. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ta ƙara ƙaimi tun da Janar Buba Marwa ya karɓi ragamarta a 2021, kuma kusan kowane mako sai an ji kamen kwantena a tashar jiragen ruwa ko mota a hanyar Arewa. A 2024 an rufe shagunan magani sama da dubu a kasuwar Sabon Gari da kewayenta, aka umarci 'yan kasuwar su koma cibiyar da aka gina musu a Dangwauro, inda za a iya sa ido kan abin da ke shiga da fita. Wannan aiki ne da ya zama dole. Sai dai shekarun da suka biyo bayan hana kodin sun isa su nuna cewa muddin akwai mai nema, dillali zai samo abin sayar masa. Tambayar da aka fi yi wa rowar lokaci da kuɗi ita ce me ya sa yaron ke nema.

Me ke kai yaro can?

Tambayi kowace uwa, amsar ɗaya ce: "Yaron kirki ne, abokai ne suka ɓata shi." Da gaskiyarta, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kusan babu yaron da ya fara sayen ƙwaya da kuɗinsa. Ta farko kyauta ce daga hannun wanda ya yarda da shi. Amma iyayen waɗancan abokan su ma haka suke faɗa game da nasu 'ya'yan.

Wasu aikin ƙarfi ne ya kai su. Yaron da ke tura baro a Kwari ko Dawanau, da mai dakon bulo, da ɗan ga-ruwa, da mai tuƙa adaidaita sahu daga asuba zuwa dare don ya haɗa balas, duk an taɓa ce musu ga abin da zai kashe gajiya. Wasu kuma rashin aikin ne. Yaran da ba sa zuwa makaranta a Najeriya ana ƙiyasta su tsakanin miliyan 10 zuwa 20, gwargwadon wanda ya yi ƙirgan, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Wanda yake zuwa ma, ana tashi ƙarfe ɗaya ko biyu. In an yi sa'a akwai Islamiyya zuwa biyar ko shida. Daga nan har dare babu wanda ya tanadar masa komai, ɗakin gidansu ya yi kaɗan, uba yana kasuwa, titi ne kawai ke maraba da shi.

Likitoci sun daɗe suna bayanin cewa ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, kuma sashen da ke auna abin da zai biyo baya shi ne ke zuwa a ƙarshe. Ɗan shekara 15 yana da ƙarfin sha'awa irin na babba da birki irin na yaro. Shi ya sa wanda ya fara da wuri ya fi saurin kamuwa, ya kuma fi wahalar rabuwa. Ko jinkirta ranar farawa kawai aka yi da shekara uku ko huɗu, an ceci yara masu yawa.

Na 'yan mata ya fi ɓoyuwa. Ba sa zuwa kango. A ɗaki ake sha, ko a gidan ƙawa, ko a gidan biki, a cikin robar lemon da babu mai zargi. Akwai budurwa, akwai amaryar da aka kai gidan da ba ta so, akwai bazawara 'yar shekara 19 da ta dawo gida da goyo kowa yana mata kallon nauyi. Su kan ce suna sha ne don su sami barci, ko don su daina tunani. Duk mai son fahimtar wannan matsala ya kamata ya tsaya a kan wannan amsa.

Damuwar da ba a kai ta asibiti

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan larurori kafin shekara 14 suke somawa. Ciwon damuwa da yawan fargaba su ne kan gaba.

A gidajenmu ba mu cika yarda yaro yana da damuwa ba. "Me aka ɗora maka? Ci kake nema ko sha?" In ya yi shiru ya daina fita, a ce miskili ne. In ya fara faɗa da kowa, a ce ya kangare. In abin ya yi tsanani, a ce aljanu ne ko sammu. Alhali yaron ya ga an saki mahaifiyarsa tun yana ɗan shekara bakwai, ko ya taso hannun wadda ba ta ƙaunarsa, ko ya faɗi jarabawa sau uku ƙannensa sun wuce shi. A Zamfara da Katsina da Sakkwato da Borno akwai dubban yaran da suka ga an kashe mutum a gabansu, suka kwana a daji, suka wayi gari a garin da ba su san kowa ba. Babu wanda ya zaunar da su ya tambaye su abin da suke gani idan sun rufe ido. Mai ƙwaya kuwa yana da amsa ta naira ɗari biyar.

In ma iyaye sun gane, ina za su nufa? Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga al'umma sama da miliyan 200, kuma ana ta rasa su zuwa Ingila da Kanada da Saudiyya. Manyan asibitocin wannan fanni a Arewa ana ƙirga su da yatsu: Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, Dawanau a Kano, sai sassan da ke asibitocin koyarwa. Ga kuma suna. Uban da ya kai 'yarsa Dawanau ya san maganar za ta riga shi dawowa unguwa, kuma za a tuna da ita ranar da aka zo neman aure. Binciken 2019 ya nuna kusan huɗu cikin goma na waɗanda shaye-shaye ya yi wa mugun kamu suna son magani, amma tsada da tsoron tsangwama sun tare su.

Har zuwa Janairun 2023, dokar da ke kula da wannan fanni ta 1958 ce, ta zamanin Turawa, wadda ke kallon mara lafiya a matsayin abin tsarewa. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a lokacin ta ba shi haƙƙi, ta kuma nemi a shigar da wannan kulawa cikin ƙananan asibitoci. Aiwatarwa ce ke tafiyar hawainiya.

Abin takaici, ƙasar nan ta taɓa koya wa duniya hanya. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta, inda mara lafiya ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti da rana. Lambo bai kori masu maganin gargajiya ba, ya jawo su cikin aikin. Malamin da ake kai wa yaro ruƙiyya a yau shi ne mutum na farko da iyaye ke yarda da shi. Da an koya masa alamomin da ke nuna a haɗa da likita, da ya yi addu'arsa ya kuma ce wa uban: "Alhaji, gobe ka kai shi asibiti." Daga bakinsa za a ji.

Mari da bulala

A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, yawancinsu yara da matasa, wasu da mari a ƙafa, wasu da tabon bulala a gadon baya. Makonni kaɗan bayan haka aka sami irinsa a Daura da wasu garuruwa, jihohi suka shiga rufe gidajen mari.

Da yawa daga cikin waɗannan yara iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi duk wata. Kafin a zarge su, a saurare su. Uwar da ɗanta ya sayar da keken ɗinkinta, ya zare wa ƙanwarsa wuƙa, aka kama shi aka sako sau ba adadi, za ta ce maka gara ta san inda yake a ɗaure da a kawo mata gawarsa. Ba mugunta ce ta kai ta ba, rashin wata ƙofar ce.

Masu aikin lafiya kuma suna cewa mari yana raba yaro da ƙwaya ne iya kwanakin da yake ɗaure. Wanda jikinsa ya saba da tiramol, idan aka yanke masa rana ɗaya, zai yi ciwon gaɓoɓi da gumi da gudawa da rashin barci, abin da ake iya sauƙaƙawa da magani. Abin da ya kai shi sha tun farko kuwa yana nan yana jiransa, an ma ƙara masa da baƙin cikin dukan da ya sha. An rufe gidajen mari, kuma daidai ne. Amma gadajen da ke cibiyoyin NDLEA, da asibitoci, da makarantar gyaran hali ta Kiru, ba su kai ko kusa da yawan masu buƙata ba, masu zaman kansu kuma sai mai hali.

Lacca, gwaji, ko koyarwa?

Abin da muka fi sabawa da shi a makarantu shi ne a tara ɗalibai a rana, babban baƙo ya yi jawabi, a nuna hoton mahaukaci a bola, a raba lemo a watse. Amurka ta kashe maƙudan kuɗi a kan shirin DARE da aka fara a 1983, inda 'yan sanda ke shiga aji suna gargaɗi. Binciken da aka yi ta yi daga baya ya nuna tsarin na farko bai rage shaye-shaye ba. Yaro ya san wani a layinsu da ke shan wiwi shekara biyar bai haukace ba. Da ya kama ka da ƙari a magana ɗaya, ya zubar da sauran.

Akwai abin da aka gwada a nan gida. Shirin Unplugged darasi 12 ne da malamin aji ke koyarwa, kuma rabinsa ba maganar ƙwaya ba ce: yadda za ka ce a'a ba tare da ka rasa aboki ba, yadda za ka huce fushi, yadda za ka gane cewa masu sha ba su kai yawan da kake zato ba. An gwada shi a makarantun sakandaren gwamnatin tarayya 32 wajen 2016, tare da Ma'aikatar Ilimi da NDLEA da UNODC, aka ga raguwar shan giya a tsakanin ɗaliban da suka yi shi. Makarantun jiha da ke cikin unguwanni, masu ɗalibi ɗari a aji, su suka fi buƙatarsa, kuma su ne bai kai gare su yadda ya kamata ba.

A 'yan shekarun nan NDLEA tana matsa kiran a riƙa yi wa ɗalibai gwajin ƙwaya, har da masu shirin aure. Masu goyon baya suna cewa da wuri ake gane ciwo, kuma tsoron gwajin kansa zai tsare wasu. Masu ja da baya suna tambaya: in an gano, sai me? In kora ce za ta biyo baya, an ɗauke yaro daga wuri ɗaya tilo da ake sa masa ido an miƙa wa titi. A ganina gwajin da babu mai ba da shawara da magani a bayansa zai tona asiri ne kawai, bai warkar da kowa ba.

Abin da Aislan ta yi da yammacin 'ya'yanta

A 1998 matasan ƙasar Aislan suna cikin waɗanda suka fi shan giya a Turai. Kashi 42 cikin 100 na 'yan shekara 15 da 16 sun ce sun bugu a cikin watan da ya gabata. Zuwa 2016 adadin ya sauko zuwa kashi 5. Masu shan sigari kullum sun sauko daga kashi 23 zuwa 3, masu taɓa wiwi daga 17 zuwa 7.

Ba da wa'azin ƙwaya suka yi ba. Sun riƙa raba wa ɗalibai takardar tambayoyi ba tare da suna ba: awa nawa kake yi da iyayenka, sun san inda kake da dare, me kake yi bayan makaranta, yaya zuciyarka. Sakamakon kowace unguwa a mayar wa mutanenta. Aka sa dokar hana 'yan 13 zuwa 16 yawo bayan ƙarfe goma na dare a lokacin sanyi. Iyaye suka yi alkawari a tsakaninsu, suna zagaya unguwa da dare. Hukumar babban birnin ta ba kowane yaro katin kuɗin shiga wasanni, ko kiɗa, ko zane, ƙarƙashin mai koyarwa.

Za a ce Aislan ƙasa ce mai arziki, kuma mutanenta duka ba su kai na ƙaramar hukumar Dala ba. Haka ne. Amma in aka cire katin kuɗin, sauran duk abubuwan da muka taɓa mallaka ne. Akwai lokacin da kowane babba a layi yana da ikon tambayar yaro ɗan gidan wa ne, me yake yi a waje bayan isha. Yau wanda ya tsawata wa ɗan maƙwabci yana iya kwana a ofishin 'yan sanda.

A mayar wa samari sarautarsu

Wanda ke fara sanin yaro ya soma sha ba uba ba ne, ba malami ba ne. Abokinsa ne, sau da yawa wata shida ko shekara kafin kowa. Duk tsarin da ya bar wannan aboki a matsayin ɗan kallo ya yar da makaminsa mafi kaifi.

A Birtaniya an gwada wannan a makarantu kusan 60, kan ɗalibai sama da dubu 10 'yan shekara 12 da 13, aka wallafa sakamakon a 2008. An tambayi yaran su da kansu: wa kuke jin maganarsa a ajinku? Waɗanda aka fi ambata aka ɗauka aka horar na kwana biyu, aka ce su koma su riƙa yin maganar sigari a cikin hirarsu ta yau da kullum. Fara shan sigari ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Sirrin yana wurin zaɓen. Da malamai aka bari, da sun ɗauko mai zuwa na ɗaya da mai ladabi, waɗanda yaran bayan aji ba sa saurara. Wanda ake ji sau da yawa shi ne kyaftin ɗin ƙwallo, ko mai surutun nan da ya ishi kowa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A da kowane gari yana da sarkin samari, 'yan mata da tasu shugabar. Su ke kiran gayya, su shirya wasa, su sasanta rigima, su ci tarar wanda ya yi abin kunya. A Nijar gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da Samariya bayan 1974, matasa suka gina azuzuwa suka share garuruwa. Har yau ga 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, ga sikawut, ga ƙungiyoyin ɗalibai na Musulmi da na Kirista, ga kulob ɗin ƙwallo a kowane lungu, ga fada a Nijar da majalisa a Najeriya. Yaron da aka ɗaura wa ɗamara aka ce tsaron sahun Idi a hannunsa yake, ko aka damƙa masa kuɗin rigunan kulob, ya sami abin da ɗan aiken kango ke nema: a san da shi.

Sai dai shugabanci na gaske ake nufi. A ba su kuɗi kaɗan su tsara gasar unguwa da kansu, su kawo lissafi. A ba su kujera a zaman da mai unguwa ke yi da dattawa, a kuma bar su su yi magana. A bar 'yan mata su yi nasu a Islamiyya da wuraren koyon sana'a, da wata babbar mace da suka zaɓa da kansu, domin yarinyar da ke shan kodin ba za ta taɓa faɗa a gaban maza ba.

Akwai iyaka, kuma dole a faɗe ta. Ɗan shekara 16 ba likita ba ne. In abokinsa ya ce masa ya gaji da rayuwa, dole ya san babban da zai kai wa maganar a daren, wanda ba zai yi tonon silili ba. Kada kuma a mai da shi ɗan leƙen asiri, don ranar da aka gane yana kai suna wurin hukuma ya rasa abokan, wataƙila ya jefa kansa cikin haɗari. Bincike a Amurka ya kuma nuna tara yaran da suka riga suka kangare wuri ɗaya babu ƙwararren mai kula yana iya ƙara lalata su.

Babban da zai tsaya a bayansu ba sai likita ba. A Zimbabuwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, su saurari mai damuwa, su taya shi warware matsalarsa ɗaya bayan ɗaya a zama shida. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Unguwanninmu cike suke da malaman makaranta da ma'aikatan jinya da suka yi ritaya, da iyayen da kowa ke kai wa kuka.

Masu amfana da lalacewar

Akwai waɗanda wannan gyara ba zai yi wa daɗi ba, kuma ba dillalai kaɗai ba ne. Duk kakar zaɓe ana ganin motoci cike da matasa, idanu jajur, makamai a hannu, suna rakiyar ɗan takara. A Kano 'yan jagaliya ne, a Gombe 'yan kalare, a Bauchi sara-suka. Kowa ya san ba da kuɗinsu suka sayi abin da suka sha ba. In an gama zaɓe a watsar da su da jarabar da aka koya musu, su koma faɗan daba da ƙwacen waya. Samariyar Nijar ma abin da ya rage mata daraja ke nan, da ta koma 'yar amshin shatan masu mulki. Duk ƙungiyar matasan da za a kafa a unguwa, ranar da ta karɓi riga mai hoton ɗan takara ta gama aiki.

Sai maganar fili. Yara ba za su yi ƙwallo ko langa ko dambe a iska ba. A biranenmu an yanka filayen makarantu da na wasa da yawa an yi shaguna, wanda ya rage kuma a kulle yake da an tashi, maigadi yana kora. Jihar Kano tana da mazaɓu 484, kuma da wuya a sami wadda ba ta da makarantar firamare ta gwamnati. Buɗe harabar daga ƙarfe huɗu zuwa magariba, da fitila ɗaya mai aiki da hasken rana, da ɗan alawus ga mutum biyu masu kula, mace da namiji, abu ne da shugaban ƙaramar hukuma da sakataren ilimi za su iya sa wa hannu a zama ɗaya, kuma kuɗinsa na shekara bai kai abin da ake kashewa a taron siyasa na yini guda ba.